Fartanya a Jakar Koci

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwar Kibiya, sai aka hasko wani kocin Turai ya sha kwat, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana taunar cingam. Nafi'u, mai buga mana lamba bakwai, ya waiwayo ya ce, "Koci, ku dai Allah Ya hutar da ku. Mu mu yi gudu, ku ku yi nuni da yatsa." Na kusa da shi ya karɓe, ya ce shi da za a ba shi usur na sati ɗaya, abin da zai fara yi shi ne sare ɗorawar nan da ta yi mana rumfa a kusurwar fili, don babu inda ake ƙwallo da bishiya a kwana sai Kibiya. Aka yi dariya, ni ma na taya su. Ba a yi wa yaro bayani idonsa na kan talabijin. Yau da babu talabijin a gabanku, bari in ba ku amsa a tsanake.

Garba sunana, amma tun ina buga ƙwallo ba takalmi a Rano ake ce mini Katanga, saboda lamba biyar nake bugawa kuma ba na son a wuce ni. Takalmin farko da na taɓa sawa ba nawa ba ne. Wata ƙungiya ce a Kano ta ɗauke ni, aka miƙo mini na wani da ya bar ta, ya yi mini yawa, na cusa tsumma a gaba, na shafe fatar da kitse don ta yi laushi. Daga nan wata ƙungiyar kudu ta saye ni, can na gane ƙwallo aiki ne kamar dako: a tashe ka da sassafe, a ɗora ka a sikeli, ka wuni a mota ka sauka ka buga. Na yi shekaru ina cin abinci da ƙafata. Rannan a wani fili mai taɓo takalmina ya kafe, jikina ya juya, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na dawo gida da jesi biyu da hoto ɗaya, da gwiwar da ke riga kowa sanin hadari ya haɗo.

Aikin farko da Baba Ila ya ba ni ɗinkin ƙwallo ne. Baba Ila shi ne tsohon kocin Rano, rabin 'yan ƙwallon yankin nan ta hannunsa suka bi, har da ni. Na je masa da tunanin zai rataya mini usur ran nan, tunda ni na buga a gaban dubban mutane, shi kuwa bai taɓa wuce Zariya ba. Sai ya turo mini buhun fasassun ƙwallaye da basilla da zare.

"Ka daɗe kana dukansu," in ji shi. "Yanzu zauna ka ga abin da kuka yi musu."

A wurinsa na koyi kayan aikin. Famfon keke na hura ƙwallo, wanda sai ka jiƙa bakin allurarsa da yawu in ba haka ba ka huda robar ciki. Tokar gidan burodi ta zana layi, a tankaɗe ta, a zuba da gwangwani mai huji bayan an ja igiya. Gwangwanayen tumatir cike da yashi, su ne alamun da yara ke zagayawa a tirenin. Raga kuwa kullum cikin ƙulli take, don awakin unguwa sun ɗauke ta a matsayin nasu. Usur bai taɓa hannuna ba sai da kaka ta zagayo. Ya ce usur ba ya koya wa kowa komai, kira ne kawai, ko mai rake ma yana da abin kiran mutane. Ranar da zai sallame ni in je in riƙe ƙungiyar Kibiya, ya raka ni bakin tasha, ya ce, "Garba, ɗan wasa ba naka ba ne, aro aka ba ka. Mai shi yana gida." Na ce to, kamar yadda ake ce wa tsoho to.

Filin da na tarar shi ma aro ne. Gonar Alhaji Ubale ce a bakin hanyar Rano, ƙasa mai laushi, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Alhaji bai san bambancin lamba biyar da lamba tara ba, abin da yake so shi ne ya ji an ambaci Kibiya a labarin wasanni na rediyo, tunda muna cikin gasar jiha. Da na je gaishe shi ya gaya mini sharaɗinsa ba kwana-kwana.

"Muddin ana faɗin sunan garin nan a rediyo, ku yi ta tsalle-tsallenku. Ranar da kuka faɗo daga rukunin, masara zan zuba."

"Ranka ya daɗe, in Allah Ya yarda ba za a kai ga haka ba."

"Ni kuwa ko an kai ban yi asara ba," in ji shi.

Duk lokacin da ya biyo ta wurin a kan babur sai ya tsaya, ya damƙi ƙasar ya murza a hannu, ya yi ajiyar zuciya, ya wuce. Saboda haka mu kowane wasa fili muke karewa, ba maki kaɗai ba.

Ku kuna zaton 'yan kallo ne abokan cinikin koci. 'Yan kallo ba su da wuya, su zage ka da la'asar su gaishe ka da magariba. Abokan cinikina na gaskiya iyayen yara ne, kuma daminar farko ce ta nuna mini. Masu tsara gasar a birni suke zaune, ba ruwansu da noman fari ko maimai, sai su jera wasanni a tsakiyar lokacin da ciyawa ke tsere da dawa. Na hura usur wata yamma, na ga fili fayau. Wanda ya fi damuna Sabo ne, ɗan gabanmu, yaron ƙauyen Durba, wanda in ya sa ƙwallo a gaba sai dai a bi shi da addu'a. Na hau babur na tafi Durba, na sami mahaifinsa Malam Danladi a gona, Sabo na gefensa ya duƙa ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba, barka da aiki. Sabo na zo roƙo, muna da wasa ranar Juma'a."

Ya dogara da ƙotar fartanya ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mai busa musu abin nan?"

"Ni ne, Baba."

"To da kaka ƙwallon za mu zuba a rumbu? Dubi ciyawar nan. In ta ƙare ka ɗauke shi, ko Makka ka kai shi."

Na dubi gonar, aikin sati biyu ne ga mutum biyu. A hanyar komawa dabara ta faɗo mini. Ina da samari ƙarfafa cike da ƙungiya, kowa ɗan manomi. Me zai hana a yi gayya? Washegari maimakon tirenin na ce kowa ya zo da fartanya. Muka jeru a kan kunyoyin Malam Danladi kamar za a take wasa, 'yan baya a dama, 'yan gaba a hagu, na hura usur. Kafin azahar gona ta yi tas. Aka kawo dambu da fura, aka ci aka yi hamdala. Ranar Juma'a Sabo ya zuba biyu a raga. Tun daga ranar fartanya ta shiga jakata tare da famfo da basilla, kuma a shekarar nan na ɗauka na fi Baba Ila wayo.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar. Ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma ya zo gaba ɗaya, ciyawa ta tashi a ko'ina rana guda. Labarin gayyar Durba kuwa ya gama ƙauyuka. Uban ɗan tsakiyarmu ya aiko cewa ɗansa ba zai samu zuwa ba, gona ta cushe. Muka je muka nome. Uban lamba uku ya aiko. Muka je. Sai ga uban wani yaro da ko benci da ƙyar yake samu, ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Koci, na ji ana zagayawa. Yaushe za a zo tawa?"

"Malam, ai ɗanka ba ya cikin masu buga wasan nan, ka riƙe shi kawai ya taya ka."

"Au, 'ya'yan wasu ne 'ya'ya, nawa ba ɗa ba ne?"

Me za ka ce? Muka je. Har wani mai gonar shinkafa a fadama ya jawo mini ɗansa, wani luƙuƙu da bai taɓa taɓa ƙwallo ba, ya ce a rubuta shi a ƙungiya ko ruwa ne ya riƙa ɗauka, ya daɗe yana sha'awar wasan.

Ga abin da ba a nunawa a talabijin. Noma da ƙwallo ba jiki ɗaya suke so ba. Fartanya tana ƙara ƙarfi, amma tana cinye gudu. Wanda ya wuni a duƙe, jijiyar bayan cinyarsa takan ɗaure, ƙugu ya sandare, in ka ce ya tashi da gudu farat ɗaya sai ka ji ya yi ƙara ya dafe ƙafa. Golanmu Bello, ɗan Malam Jauro mai shanu, da sanda ya saba ba da ƙota ba, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, har ya koma ture ƙwallo da gwiwar hannu. Ga kuma abincin gayya, wanda ba a ƙi, don ƙin sa raini ne ga mai gona. Yaran da na sha wahala na sassaƙe suka fara ajiye tumbi. Muka fara shan kashi, gida da waje. Na garzaya Rano wurin Baba Ila in ji ko akwai hanyar janyewa daga gayyar nan. Ya yi dariya har da tari.

"Kun ci dambunsu?"

"Mun ci, Baba."

"To wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Na ce maka mai yaro yana gida, ban ce ka je ka zama ɗan ƙodagonsa ba."

Wasan ƙarshe a Rano ya faɗo, kuma kunnen doki kawai muke nema mu tsira a rukunin. Na tsara abin da kowane tsohon lamba biyar zai tsara: kowa ya koma baya, a bar Sabo shi kaɗai a gaba ko Allah zai kawo rabo. Na naɗe wa Bello hannu da bandeji kafin ya sa safar gola. Mutanen Rano kuwa sun sha labari, tun muna sauka daga mota suke rera mana, "Manoma, a koma gona." Wani har da ɗago fartanya sama. Muka daure har aka juya, muka daure har rana ta yi sanyi. Saura kaɗan a tashi suka sako wata ƙwallo daga nesa, ba ta da wani ƙarfi, irin wadda Bello ke kamawa yana hamma. Ta daki tafinsa daidai ciwon, ta sulluɓe ta gangara raga. Da aka take, ɗan tsakiyarmu ya jefa wa Sabo wata doguwa, ya wuce na farko, ya wuce na biyu, daga shi sai gola, sai na ga ya dafe bayan cinya ya zauna a ƙasa. Ƙwallon ta yi gaba abinta. Aka tashi ci ɗaya mai ban haushi, muka faɗo.

Alhaji Ubale mutum ne mai cika alkawari. Bai bari sati ya zagayo ba ya aiko a gaya mini cewa masara ta wuce bana, amma wake bai wuce ba. Muka je muka tuge turakun raga, muka saɓo su a kafaɗa muka jingine a zaurena, muna tafe shanun huɗa na shiga. Na tsaya na ga garma ta tsaga da'irar tsakiya, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ba mugunta ya yi ba, gonarsa ce, da kaka ma har buhun wake ya aiko wa ƙungiya, ya ce mu ɗanɗana abin da filinmu ya iya. Sai dai ƙungiyar da ba ta da fili suna ce kawai. Yara suka fara watsewa, wasu suka shiga ƙungiyoyin Rano, wasu suka tafi Kano neman abin yi. Ni ma na fara tambayar ko ana neman mai ɗinkin ƙwallo a wani wuri.

Bayan an gama girbi, wata safiya aka yi sallama da ni. Na fito na ga Malam Danladi da diga a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ina cewa a raina to yau kuma wace gonar ce.

"Garba, a inda ka yi ƙwallonka, in an yi wa mutum gayya share baki yake ya yi shiru?"

"Baba, ai ba don a rama muka yi ba."

"Ba kai za ka koya mini gayya ba. Wuce mu je."

Ya kai ni wani fako a bayan gari kusa da burtali, wurin da ko akuya ba ta tsayawa, sai tsidau da kututture da suri. Ashe shi da sauran iyayen sun riga sun je wurin dagaci ya ba su wurin. Na tarar da iyayen yarana kaf, da gatura da shebur da baro, har da mai gonar shinkafa da luƙuƙun ɗansa. Malam Jauro ya kawo bijimai biyu na jan kututture. Yaran da suka rage a gari suka ji labari suka rugo, kowa na neman abin kamawa. Malam Danladi ya daka musu tsawa.

"Ku koma inuwa ku zauna. Mun ga abin da fartanya ta yi muku a Rano."

Na dube shi. "Baba, ka je Rano?"

"Na je." Ya tofa yawu a tafi ya kama diga. "Cin da aka yi muku bai dame ni ba, ban san kansa ba. Amma na ji an kira ɗana manomi kamar zagi ne. To a zo a buga a filin da manoma suka yi."

Haka muka zauna a inuwa, ƙarti majiya ƙarfi, muna kallon dattawa suna fasa fako. Ni kaɗai aka yarda in tashi, shi ma don in ja igiyar awo. A nan rigima ta tashi. Ta yamma burtali ne, ba a taɓa hanyar shanu. Ta kudu kwari ne. Duk yadda na ja igiya, kusurwar gabas sai ta faɗa gindin wata tsohuwar ɗorawa. Na ce ba makawa sai an sare ta. Sai na ji gatura sun yi shiru.

"Ɗorawa za a sare?" in ji Malam Jauro.

"Dokar wasa ce, Malam. Ba a barin komai ya shiga fili."

"Ita ta riga ƙwallo zuwa garin nan," in ji Malam Danladi. "Kalwarta ce a miyar da ka ci jiya. Kai dai rage igiyarka."

Na rage igiya iyakar abin da doka ta yarda, gindin ya tsaya a waje da taku kaɗan, rassan suka ci gaba da leƙo mana. Alƙalan wasa sun yi ƙorafi har sun gaji. Ni kuma na zauna na yi tunani irin na koci: tunda ba a iya ɗaga ƙwallo daga kwanar nan, sai na koya wa yarana bugun kwana na ƙasa-ƙasa, mai ƙarfi, zuwa turken kusa. Baƙi kuwa duk wanda ya zo sai ya ɗaga, reshe ya dawo masa da ita, wani lokaci har da guzurin ganye. Mun ɗauki shekaru kafin mu koma rukunin da muka faɗo daga cikinsa, kuma ƙwallon da ta mayar da mu daga kwanar ɗorawa aka bugo ta, Sabo ya sa mata ƙafa. Malam Danladi yana zaune a kan saiwar ɗorawar mai kama da kujera, inda yake zama duk wasan gida. Har Allah Ya karɓi abinsa bai gane satar gida ba, kullum cewa yake alƙali ya tsani Durba. Allah Ya jiƙansa.

Gayya kuwa ban daina ba, tsari na yi mata. Washegarin wasa ake yi, ba jajiberi ba. Gola ba ya taɓa ƙota, ruwa yake rabawa. Fura ludayi biyu, dambu a ƙunsa a kai gida. Kafin a duƙa a miƙe jijiya, bayan an ɗago a sake miƙewa. Wannan ba ya cikin abin da aka koya mana a kwas ɗin koci da na je daga baya, kuma da na faɗa a can dariya aka yi.

Kun ce filin nan tauri gare shi, yana cin takalmi. Gaskiya ne, fako ne, kakanninku ne suka fasa shi da diga suna nishi. Mai son sare ɗorawa, gatari yana zaurena, ba na hana aro. Sai dai ya fara zuwa ya nemi izinin masu ita. Kaɗan daga cikinsu suna nan, za ka same su a gindinta ranar wasa. Sauran kuma sai ka bi hanyar maƙabarta.

Shi kuma Nafi'u da ke ganin an hutar da mu, babansa ya tare ni jiya bayan sallar Juma'a, ya ce gonarsa ta hanyar Durba ta isa maimai. Jibi da safe za mu. Nafi'u, zan ba ka usur ɗin ka riƙe, ka yi nuni da yatsa yadda kake so. Noman kunyar farko dai naka ne, kuma kada ka zo da kwat.